Giram Goma Sha Uku a Dutsen Maigida

Talata

Zuwa ga uwargidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Yaya jikin Yaya? Ina fatan ƙafar ta fara ɗaukar ta, likita kuma ya ware ɗinkin. Ki gaishe ta da kyau, ki tuna mata aron sati biyu na ba ta ke, yau ga shi mun shiga na biyar.

Gida na nan yadda kika bar shi, sai dai ya ƙara girma. Famfon tsakar gida ya koma ɗiga, na ɗaure masa tsumma, yanzu tsumman ne ke ɗiga. Na ƙona ƙaramar tukunyarki sau biyu, kada ki tambaye ni yadda mutum ke ƙona ruwan shayi. Masu sayen sukari da fulawa kullum sai sun ƙwanƙwasa tagar ɗakin gaba. Ina ce musu mai kanti ta tafi jinya, su kuma su tsaya suna kallona kamar ni na karya ƙafar.

Za ki ce me ya hana ni kiran waya. Ɗakin Yaya ɗaya ne, kuma ƙafa aka yi mata aiki, ba kunne ba. Shi ya sa na ba direban motar safe wannan.

Wani ɗan abu ne ya faru ranar Alhamis. Ba wani abu ba ne, amma na kasa ajiye shi. Kin san Alƙali, dutsen awo na kilo ɗaya, na tagulla, wanda marigayi maigidana ya bar mini tare da shagon gyaran sikeli. Shi kike cewa na fi lallaɓa shi a kanki, don yana da akwatinsa da ƙyallensa, kuma ba na taɓa shi da hannu tsirara. Shekara ashirin da bakwai ke nan babu sikelin da ya shigo shagona ya fita sai na daidaita shi da Alƙali, babu dutsen ɗan kasuwar da ban gwada da shi ba. In gardamar awo ta tashi a kowane layi, ni ake aikowa a kira, in ɗora shi, magana ta ƙare.

To, maƙerin zinariya na kusa da ni ya sayo sabon sikeli mai lamba, na lantarki, har da ɗan ɗakin gilashi kada iska ta taɓa farantin. Tun safe yake tara mutane, ya auna ƙwayar shinkafa, ya auna gashin gemunsa, yana leƙowa yana ce mini zamanina ya wuce, in fara neman wata sana'a. Kin san bakina. Na ce ya kawo abin wasan nasa gaban Alƙali a yi masa shari'a. Na ɗauko akwati, mutum shida ko bakwai suka biyo ni, na ɗora.

Giram ɗari tara da tamanin da bakwai, maimakon dubu.

Na ɗaga, na hura farantin, na sake ɗorawa. Lambar nan ba ta motsa ba. Kafin kowa ya buɗe baki na ce wa maƙeri ya yi maza ya mayar wa wanda ya sayar masa tun takardar garanti ba ta mutu ba, don maƙaryaci ya sayo da kuɗinsa. Aka kwashe da dariya, ya rufe gilashinsa yana ƙunƙuni, na fito da nasara. Bakin nan ya fitar da ni kamar yadda ya saba.

Sai dai akwai abin da na gani ban faɗa ba. Sikelin ya zo da nasa ɗan dutsen gwaji a cikin kwali, kuma da safe na ga maƙeri ya ɗora shi, lamba ta fito daidai da abin da aka rubuta a jikinsa. Da na koma shago sai na sami kaina ina ta juya mabuɗi a kwaɗon da yake a buɗe.

Na san inji na kuskure. Batir ya yi sanyi, tebur ya karkace, zafi ya yi yawa, duk suna sa shi ya yi ƙarya. Giram goma sha uku kuma cokali ɗaya ne na sukari, ba abin da zai hana mutum cin abinci. Amma ni tun ranar ban ci da daɗi ba, ko da yake girkina ma na da nasa laifin.

Kada ki faɗa wa Yaya. Ki kula da bayanki wajen ɗaga ta, ki bar masu ƙarfi su yi. Ina gaishe ki.

Mijinki,
Sai-na-auna

*

Lahadi

Uwargida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Na sami amsarki, na yi murna da jin Yaya ta taka har bakin ƙofa. Allah ya ƙara sauƙi. Na ga kin sa layi a ƙarƙashin sunan da na sa hannu da shi. Ba ni na raɗa wa kaina ba, kasuwa ce, don an san ba na yarda da magana sai na auna ta. Kin ce in daina cin raina in kai dutsen wani wuri a gwada. Na bi maganarki, kuma da na sani da na ci gaba da cin raina, ya fi sauƙi.

Na naɗe Alƙali a jaka kamar mai yawo da kayan sata. A kantin magani na bakin titi, sikelinsu ya ce ɗari tara da tamanin da takwas. A gidan waya, sikelin kaya ya ce kilo ɗaya cif, har zuciyata ta yi fari, ina fitowa na tuna ni na gyara musu shi bara. Daga nan na nufi gidan Ticha, tsohon malamin kimiyyar nan da ya yi ritaya, mai zuwa shagona shan shayi yana gyara mini Turanci. Ya kai ni ɗakin gwaje-gwajen makarantar da ya koyar, muka gwada a sikeli biyu. Duka suka bi bayan maƙeri.

Ban sallama ba. Na tambayi Ticha wa ya auna nasu sikelin. Ya ce ofishin awo. Washegari na je ofishin, na hau bene biyu, na zauna a benci har ƙafata ta mutu. Ma'aikacin da na samu mutumin kirki ne, ya buɗe kabad ya nuna mini nasu dutsen. Ban fito da nawa ba, ba ni da wannan ƙarfin halin. Na dai tambaye shi wa ya auna nasu. Ya ce ana kai shi babban ofishi. Na babban ofishi fa? Ana gwada shi da wani a ƙasar waje. Ya taɓa ganin na wajen? Ya yi dariya ya nuna mini takarda mai hatimi, ya ce wannan ita ce iyakar abin da ya gani, kuma a kanta yake cin abinci.

Da na koma wa Ticha da wannan, sai ya ƙara mini ciwon kai. Wai a can ƙarshen layin ma yanzu babu dutse, wani lissafi ne da masana suka tsayar, wanda shi kansa rabinsa ya fahimta. Na ce ashe shi ma mai imani ne, ya daina yi wa tsofaffi dariya. Ya ce akwai bambanci, nasa ana iya bincikawa. Na ce shi ya bincika? Ya ce a'a. Zai bincika kafin ya mutu? Ya ce ba shi da kayan aikin, amma ai jirgi na tashi, magani na aiki, wannan ya isa shaida. Na ce kasuwarmu ma shekara ashirin da bakwai tana ci da dutsena, ba wanda ya faɗi ya mutu. Ya ce bambancin shi ne nawa an kama shi, kuma da irin nasu aka kama shi. A nan kam ya yi gaskiya. Muka sha shayin ba sukari, ba wanda ya tuna ya zuba.

Abin da ya fi duka nauyi shi ne na gaba. Irin waɗannan duwatsu suna da rami a gindi, ana cika shi da darma har nauyi ya yi daidai, sannan a buga hatimi a kai. A shekara ashirin da bakwai ban taɓa kifa Alƙali in duba da gilashin ƙara girma ba. Wa ke leƙa ƙarƙashin rigar alƙali? Ranar Juma'a na kifa shi. An taɓa ƙwaƙule darmar, an mayar da bakin an goge shi sumul. Aikin gwani ne, kuma tsoho ne, don wurin ya yi baƙi daidai da sauran jikin.

Kin san wane ne maigida a wurina. Shi ya ɗauke ni ina gararamba bayan na bar makaranta, ya koya mini sana'a, ya tsaya a matsayin uba ranar aurenmu. Mutum ne da kan tashi daga aiki da kiran salla ko da allurar sikeli na hannunsa. Ko shi ya ƙwaƙule, ko haka aka sayar masa, ko wani ya ara ya yi masa ta'adi, ban sani ba.

Jiya na je wurin Inna, matarsa. Tana nan a ɗakin nan mai labule kore, ta tsufa ƙwarai, sau biyu tana kira na da sunan ɗanta da ya rasu. Na lallaɓa na kawo zancen dutsen. Ta ce ai ta tuna, ƙanensa mahauci ya taɓa ɗaukarsa ya riƙe wata guda har suka yi faɗa. Bayan an kawo ruwa na sake tambaya, ta ce maigida bai taɓa ba kowa aron dutsen nan ba, ko ita ba ta taɓa shi. Da zan tafi ta riƙe hannuna ta ce a wurin wani baƙo ya saye shi da araha. Duka ukun da fuska ɗaya ta faɗe su. Ƙanen ya rasu, baƙon ba wanda ya san shi, maigida kuma yana inda ba a aika takarda.

Na gaji, uwargida. Ƙafafuna sun gaji, kaina ya fi su. Ki gaida Yaya.

Naki,
Sai-na-auna

*

Alhamis

Zuwa ga uwargidana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mai jiki. Ina fatan tarin da kika ce ya kama ki ya sake ki. Ni lafiya, in dai lafiya ita ce mutum ya tashi ya buɗe shago.

Na gode da ba ki ce komai a kan maigida ba sai addu'a. Tambayarki ɗaya ce, me zan yi. Ga inda aka tsaya.

Dabarar farko da ta zo mini irin tawa ce. In cika darmar a ɓoye, duk sikelin da ya shigo gyara in daidaita shi cikin shiru, a hankali kasuwa ta miƙe ba wanda ya ji. Amma akwai sikelin da sai ya shekara biyar bai zo ba. Kuma akwai abin da 'yan kasuwa ke kira albarkar buhu. In mutum ya sayo buhu mai kilo hamsin ya auna shi kilo-kilo, yakan sami fiye da rabin kilo a sama. Kowa a kasuwar nan ya taso ya tarar da haka, wasu har sadaka suke yi don godiya. Yanzu na san sunan albarkar nan, tana cikin akwati a shagona. Ranar da na gyara wa mutum sikeli ta ɓace, zai dawo ya ce na lalata masa kaya.

Don haka na je wurin Ciyaman na ƙungiyar 'yan kasuwa, na rufe ƙofa na faɗa masa komai. Ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya tambaye ni su wa suka sani. Na ce ni da Ticha, sai maƙeri da ke zato. Ya ce to in bar shi a haka. A cewarsa kilo shi ne abin da jama'a suka yarda kilo ne, mai saye bai yi kuka ba, mai sayarwa bai yi ba, ni ne zan tayar da fitina a kan cokalin sukari. Ya tuna mini cewa in magana ta fita, sunana ne zai fara mutuwa, na maigida ya bi baya, ofis kuma na iya karɓe mini takardar izini. Ya raka ni har bakin ƙofa yana dafa kafaɗata. Wallahi da ni ne a kujerarsa, da kalmomin da zan zaɓa ke nan, har na ɗan ji haushin ya riga ni.

Na fito ina neman dalilin da zai sa in ƙi shawararsa, na rasa. Ba wanda ya gani. Ba wanda zai gani. Ba ma a san wa aka cuta ba, don masu sayen tsofaffin ƙarafa da sikelina suke saye, su kullum biya suke yi fiye da abin da aka kawo musu. Wani ya yi asara a layin nama ya mayar a layin ƙarfe. Babu mai iya warware wannan zaren a duniya. To in babu mai iyawa a ko'ina, me ya sa na kasa ajiye maganar?

Yanzu abin da na yi ta kewayewa tun takardar farko. Sikelinki na ɗakin gaba, mai koren faranti, wanda na ba ki shekarar da kika fara sayar da sukari. Da Alƙali na daidaita shi. Ke da ba kya kwana da allurar maƙwabciya a gidanki, na sa ki kina tauye awo shekara ashirin da ɗoriya. Kwana uku ina wuce ƙofar ɗakin ba na shiga.

Jiya na shiga. Na ga cokalin nan naki a cikin buhu, wanda kike ƙara wa kowane awo bayan allura ta tsaya. Kin tuna faɗan da muka sha a kansa? Ina ce miki sikelin da na gyara ba ya bukatar gyaran cokali, buhunki ne kaɗai a garin nan ba ya albarka, kina zubar da riba don tsoron abin da ba ki gani ba. Amsarki ba ta taɓa canzawa ba: "Hannu na rawa, ido na kuskure, kai ma mutum ne. Gara in je gaban Allah da ƙari a kan in je da ragi."

Na cika cokalin yadda kike cikawa, na ƙulla a leda, na kai wa maƙeri da sunan wasa. Giram goma sha shida. Na sake ɗebowa sau biyu, sha biyar, sha bakwai. Duk garin nan, da masu carbi da masu takardar izini, mace ɗaya ce ke ba da kilo cikakke, kuma ita ce wadda na yi shekaru ina yi wa dariya.

Ni a da ina ɗauka imani aikin wanda ya yi ƙyuyar aunawa ne. Yanzu na duba, ke kin yi aiki da cewa ba ki san komai da komai ba, ni na yi aiki da cewa na sani. A cikinmu wa ya yi amfani da hankali?

Amma kada ki yi saurin murna, don abin yana yanka ta gefe biyu. Na yarda da maigida kamar yadda kika yarda da waɗanda suka karantar da ke, ga shi nawa ya fito da rami a gindi. 'Yan kasuwa kuma sun shekara suna gode wa Allah a kan kuskuren dutse. Wannan na kai wa Liman na ƙaramin masallacin kasuwa, telan nan mai gilashi ɗaure da zare. Na same shi a kan keke, na jera masa tambayoyi irin waɗanda nake kayar da mutane da su. Maigida ɓarawo ne? Ya ce bai sani ba. Yaya za a mayar wa dubban mutane cokali-cokali? Ya ce bai sani ba, zai tambaya, wataƙila wanda zai tambaya ma bai sani ba. Na ce to shi wa ya tabbatar masa abin da aka miƙo masa ba a ƙwaƙule shi a hanya ba? Ya tsayar da keken ya ce, "Fahimtata tana iya zama da ragi. Da na tabbata na isa, da ban riƙa roƙon a nuna mini hanya a kowace raka'a ba. Amma kai da ka ce dutsenka ya gaza, ya gaza a kan me?"

Na taho da wannan tambayar. Ban taɓa ganin kilo na gaskiya ba, Ticha bai gani ba, ma'aikacin ofis bai gani ba. Amma in babu shi, dutsena bai gaza ba, Ciyaman ya yi gaskiya, in je in ci abinci. Ni kuwa na san ya gaza. Na fi sanin wannan a kan sanin sunana.

Ranar Asabar akwai taron ƙungiya. Ban ce zan yi magana ba. Ban ce ba zan yi ba.

Ki yafe mini zancen sikelin. Ki gaida Yaya.

Mijinki,
Sai-na-auna

*

Laraba

Uwargida,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kun tashi lafiya ke da Yaya. Na ji an ba ta sanda, ki ce mata ta yi tafiya da ita, ba dukan ma'aikatan jinya ba. Ki yi haƙuri da jinkirin amsa, hannuna ne ba ya riƙe biro da yamma saboda aiki.

Na yi magana.

Da safiyar Asabar na fara shiga wurin maƙeri na ba shi haƙuri, na ce injinsa bai yi ƙarya ba, ni na yi. Na roƙe shi ya ɗauko shi zuwa zauren ƙungiya. Ana gama zancen shara da na masu gadi na miƙe. Ciyaman ya yi kamar bai gan ni ba, na yi kamar ban ga bai gan ni ba. Fanka ba ta aiki, mutum sama da ɗari a kan benci, na ɗora Alƙali na ce wa na gaba ya karanta lambar da ƙarfi. Sannan na kifa dutsen na zagaya da shi layi-layi. Na ce ban san wanda ya yi ba, ban san yaushe ba, abin da na sani shi ne duk sikelin da ya bi ta hannuna yana tauye mai saye, kuma duk wanda ya kawo nasa zan gyara kyauta. Ni da kan yi awa guda ina zuba a kan farashin ƙusa, maganar nan ba ta kai minti uku ba.

Nan take zaure ya ɗauka. Mahauta suka ce ni da maƙeri mun haɗa baki don a sayi sikelin lantarki. Masu tsofaffin ƙarafa suka ce su aka fi cuta, a fara da su. Wani dattijo mai hatsi ya zauna yana hawaye, shi ne ban iya kallo ba. Mai kifin nan ta bakin ƙofar gabas, wadda ba ta taɓa gaishe ni ba tare da zagi ba, ta miƙe ta ce, "Shekara ashirin da bakwai kana mana wa'azin awo, ashe kai ne babban ɓarawon kasuwa, kuma ko ƙwayar shinkafa ba ka ci ba. Wannan ai ba sata ba ce, wauta ce." Ranar Litinin ita ta fara kawo sikelinta, ta tsaya a kaina har na gama daidaita shi da taimakon sikelin maƙeri, ta ce in wanke hannu kada in sa mata warin tagulla.

Ciyaman ya rufe taro da cewa an ji, za a duba. Tun ranar in mun haɗu agogonsa yake dubawa.

Sikeli ɗari biyu da sha biyu ne a kasuwar nan, na san su kamar 'ya'yana. Zuwa yau talatin da takwas suka zo. Wasu sun kai nasu wurin wani mai gyara a ƙetaren gari, wanda na ji ba ya yawan tambaya. Ofis sun zo jiya. Ma'aikacin nan ya gane ni, ya ce ashe shi ya sa nake ta tambayar wa ya auna wa. Sun tafi da Alƙali a cikin akwatinsa, sun ba ni aron nasu dutsen na wata ɗaya, sun ce bayan nan za a zauna a kan takardar izinina. Ko za su bar mini ita, ban sani ba. Kalmar nan ta zama abincina kwanan nan, har ta fara yi mini daɗin faɗa.

Kasuwa kuma ta sake mini suna. Yanzu in na wuce sai in ji ana cewa ga Sha-uku nan. Na ɗauka zai yi mini zafi fiye da haka.

Inna ba ta ji ba, kuma na roƙi jikokinta kada a faɗa mata. Shekaranjiya da azahar na rufe shago na shiga masallacin Liman, sahun ƙarshe, kusa da takalma. Gwiwoyina suka yi ƙarar da ta sa na kusa da ni ya waiwayo. Kada ki sa rai da labari, ban ga komai ba, ban ji komai ba, rabin hankalina na kan sifirin wani sikeli da ya ƙi zama. Amma na yi wa maigida addu'a. Ban san ko ɓarawo nake nema wa gafara ba ko wanda aka cuta, na faɗi duka biyun na bar wa wanda ya sani ya zaɓa. Ba zan ce miki shakkata ta tafi ba. Tana nan, tare muka shiga, tare muka fito. Abin da ya tafi shi ne ganin da nake yi wa masu shiga wurin kamar ba su iya lissafi ba.

Gobe zan ɗauki jakar kayan aiki in shiga layin mahauta, ko da yake sun aiko cewa kada in zo. Sikeli goma sha tara ne a can, kuma wurinsu talaka ke sayen rabin kilo. In sun kore ni in koma jibi.

Ki dawo, don Allah. Yaya ta sami sanda, ni ban da kowa. In kin zo ba sai kin ce kin faɗa mini ba, na riga na faɗa wa kaina da muryarki. Ki sa ni a addu'a, ke da hannunki ya saba.

Ina gaishe ki da kewa mai yawa.

Mijinki,
Sha-uku